Ni ɗan mai wankin hoto ne, ga abin da idona ya gani a ɗakin duhun Babanmu

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a gidan mai hoto na tashi a Tudun Wadar Zariya, kuma ba labarin ɗaukar hoto nake so in bayar ba, na wankinsa nake so, dan shi ne ɓangaren da ba wanda ya gani sai mu 'yan gida, kuma shi ne ya ci lafiyar mahaifina, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Yaran yanzu in kace musu da can da ruwa ake wanke hoto, ruwa dai na gaske da ake saya wajen 'yan garuwa, sai su tsaya suna kallonka, dan su abin da suka sani kawai a danna waya hoto ya fito.

Baba ya koyi sana'ar ne a Sabon Gari wajen wani Bayarabe mutumin Ogbomosho a farkon shekarun 1950. Lokacin aikin hoto kusan duk a hannun Yarbawa da Ibo da mutanen Gana yake, Bahaushe mai hoto sai ka tona, har kakanmu yayi fushi dashi na wani lokaci dan a ganinsa surantawa ce, sai da wani malami abokinsa ya sa baki sannan ya haƙura. Baba yace ya daɗe a shagon nan ba'a barshi ya taɓa kyamara ba, aikinsa ɗebo ruwa da wanke tire da ɗauraye hotuna, kuma har ya bar duniya yana cewa wannan ɗaurayar ita ce sana'ar, sauran duk kowa ma zai iya koya.

Da ya samu 'yancin kansa ya kama shago a bakin titi inda ake ɗauka, amma wanki a gida ake yi, a wani ɗan ɗaki kusa da zaure. An toshe tagar da kwali da baƙin bargo, ƙofa labule biyu ne sai ka saki na farko sannan ka ɗaga na biyu, rufin kwano kuwa duk inda ƙusa ta bar huji an cike da kwalta. Yadda yake gwada ɗakin shine ya shigar dani da tsakar rana ya rufe, yace Babana zauna nan kar ka motsa, dan sunan mahaifinsa gareni, sai idona ya saba da duhun sannan in nuna masa duk inda na ga ɗigon haske ya je ya toshe. Takardar hoto tana jure jan haske, shi yasa akwai jan ƙwai a ɗakin, kafin a jawo mana lantarki ma fitilar ƙwai ce aka naɗe gilashinta da jar takarda, amma fim irin su Verichrome Pan na Kodak da FP3 na Ilford da yake amfani dasu basa jure kowane irin haske, ja ko kore, dole sai baƙin duhu wanda ko tafin hannunka baka gani. A haka yake warware fim mai lamba 120 daga takardar bayansa, hoto 12 ne a jiki in da kyamarar Yashica aka ɗauka, ya kama bakin nan da bakin can yana ɗaga hannu ɗaya yana sauke ɗaya fim ɗin na ratsa ruwan magani a cikin tire, ba abin da kake ji sai ƙarar ruwa da agogon tebur. Daga baya ne ya sayi ɗan tanki na Paterson wanda in ka naɗa fim a ciki ka rufe zaka iya kunna wuta.

Magungunan uku ne a jere kuma ba'a taɓa sauya musu wuri, daga hagu zuwa dama. Na farko dibelofa, shi ke fito da hoto. Na biyu ruwa mai tsami da ke tsayar da aikin na farkon, in na kanti ya ƙare ruwan khal ake tsinkawa da ruwa. Na uku haifo, wanda ke zaunar da hoto ya daina jin haske. Sai da na girma na karanta sannan na gane abin da ke faruwa, ashe a jikin fim da takarda akwai wani shafi na jelatin da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa an barbaza gishirin azurfa, duk inda haske ya taɓa dibelofa sai ya maida gishirin nan baƙar azurfa, inda haske bai taɓa ba kuma haifo ya narkar dashi ya fitar. Wato baƙin da kuke gani a tsofaffin hotunan kakanninku azurfa ce ta gaske.

Dibelofan fim D-76 ne na Kodak, ko ID-11 na Ilford wanda kusan abu ɗaya ne, yana sayowa a gwangwani daga kantin Kingsway ko ya ba direban da zashi Kaduna saƙo. In kaya sun yi wuya sai ya haɗa da kansa, yana da ɗan ƙaramin sikeli irin na maƙeran zinari, kuma har yau ban manta awon ba dan ni nake riƙe masa kwalba, a lita 1 ta ruwa metol giram 2, sodiyam salfait giram 100, haidirokwinon giram 5, boraks giram 2. Metol ake fara narkarwa a ruwa mai ɗumi, in ka riga ka zuba salfait ɗin duka to metol ba zai narke da daɗi ba, zaka yi ta juyawa har hannunka ya gaji. Sai a zuba a kwalba mai duhu a cika ta har wuya, dan iska ce maƙiyiyarsa, in an ɗiba ya ragu sai ya jefa ƙwallayen gilashi a ciki ruwan ya sake hawowa sama. In kaga dibelofa ya koma kalar shayi to ya mutu, zubarwa za'a yi. Haifo kuwa ƙanƙara-ƙanƙara yake zuwa a buhu, kusan kwatan kilo ake sa wa lita 1, kuma abin da ke bani mamaki ina yaro shine in yana narkewa ruwan sanyi yake yi ƙarara har kwalbar tayi gumi, ni kuma sai in manna ta a kumatu saboda zafin ɗakin, Baba yayi ta faɗa yana cewa ajiye wannan ba abin wasa bane.

Babbar matsalarmu zafi. Turawan da suka yi magungunan nan sun tsara su ne a kan digiri 20, to ina zaka samu ruwa mai digiri 20 a Zariya a watan Afrilu, ruwan da ya kwana a duro ma ya haura 30. In ruwa yayi zafi fim saurin fitowa yake ya ƙone yayi baƙi ƙirin, kuma jelatin ɗin sai ya yi laushi ya kumbura, farce kaɗan ya taɓa shi ya kwaye, wani lokaci ma ka ga fuskar mutum ta zame daga jikin fim ta bi ruwa, shikenan an yi asarar biki guda, dan amarya ba zata sake zama ba. Dabarar Baba ita ce randa. Akwai randa guda a ɗakin an binne gindinta a cikin yashi mai laima an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tun dare yake jera kwalaben a ciki, sai bayan sallar asuba kafin rana ta fito a yi wankin fim, ya tsoma ma'aunin zafi ya duba, in ya ga ya ɗara 20 sai ya rage mintuna daidai gwargwado, abin da a littafi ake ba minti 8 ko 9 shi a bazara bai kai haka ba zai zare. Sannan yana sa alif a cikin haifo, alif dai wanda mata ke kwantar da laka dashi a ruwa, dan yana ƙarfafa jelatin, kuma ba ƙirƙirarsa bace, ko a haɗin Kodak akwai alif a ciki. Hunturu kuma nasa salon daban, ruwa yayi daidai amma ƙura ta hana sakat, in ka rataye fim ya bushe duk ƙurar da ta sauka a kai ta zauna kenan har abada, kowacce sai ta fito fari a hoto, shi yasa ake yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin a rataye kuma ba mai shiga ba mai fita. Da damina ga ruwan sama mai kyau na haɗa magani muna tara shi a duro, amma fumfuna na cin nagatif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke, da gilashin kyamara. Kowane lokaci na shekara da irin yaƙin da ake dashi.

Buga hoto a takarda shi ne wurin da nafi so, dan nan ana kunna jan ƙwai kana ganin komai. A sa nagatif a inlaja, wato na'urar da ke haska hoton ta ƙara masa girma, a haska a kan takarda ana ƙirga daƙiƙa da baki, ka ɗauko takarda fara fat ba komai a jiki ka tsoma a tire kana girgizawa a hankali, can sai ka ga idanu sun fara fitowa, sai hula, sai baki, kafin minti 2 mutum ya cika yana kallonka daga cikin ruwa. Wallahi har na girma abin nan bai daina taɓa ni ba. Kuma a nan ake gane gwani, saboda mutanenmu baƙaƙe ne kuma da farar babbar riga suke zuwa ɗaukar hoto, in ka ba takarda hasken da aikin rigar zai fito to fuska ta cushe ba'a gane kowa, in ka bi fuska kuma riga ta zama fari fes ba'a ganin zare ko ɗaya, alhali mutumin nan dan a ga aska takwas ɗin da ke ƙirjinsa ya biya kuɗi. Sai Baba ya liƙa ɗan kwali a bakin waya yana kaɗa shi a saitin fuskar dan ya tare mata haske, bayan nan ya dunƙule hannayensa biyu ya bar 'yar ƙofa a tsakani ya ƙara wa ƙirjin rigar haske ita kaɗai, hannun na rawa kullum dan kar iyaka ta nuna. In hoto ya fito ka ga fuska tas, ga aikin riga zare bayan zare. Wanda ya zo karɓa bai san an yi wannan ba, shi dai yace Malam kyamararka tana da kyau.

To yanzu maganar ɗauraya, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Haifo in ya gama aikinsa dole ya fita daga jikin takarda gaba ɗaya, dan akwai farar wuta a cikinsa, in ya saura sai ya dinga cin azurfar a hankali, shekara kaɗan hoto ya koma rawaya ya dusashe. Takardar da kuwa irin mai shan ruwa ce, tana riƙe haifo sosai, ƙa'ida ita ce awa 1 a ƙarƙashin famfo mai gudu, in babu famfo a sauya ruwa sau 12 kowanne minti 5. Mu ba famfo a gidan, ruwa na kuɗi ne. Kuma abin da ya sa wurin nan ya zama jarrabawa shine ranar karɓa ba wanda zai iya bambance hoton da aka sauya wa ruwa sau 12 da wanda aka tsoma sau 2 aka shanya, duka sheƙi suke, sai bayan shekaru lokacin da an ci kuɗin an manta. Da yawa sun yi ta tsoma sau 2, bana zaginsu, rayuwa ce da tsadar ruwa, amma Baba ko sau ɗaya ban ga ya rage ba. Yana da wata 'yar kwalba ta famanganet, maganin nan mai kalar shuɗi-ja da ake wanke gyambo dashi, ya tsinka shi sosai a kofin gilashi ya ɗiga ruwan da ke zuba daga jikin hoto, in kalar ta gushe to akwai sauran haifo a koma, in ta tsaya sannan yace to Babana kwashe.

Lokacin yaƙin basasa ne na ga iyakar abin. Bayan rikicin 1966 masu hoto 'yan Ibo da yawa sun bar Zariya sun tafi gida, wasu abokan Baba ne da suke aron magani a junansu, har ya rasu yana ambatonsu. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 aka dinga ɗibar sababbin sojoji ana kawo su Defo, barikin horar da sojoji na Zariya, aiki ya taru a kan 'yan kaɗan da suka rage. Samari ne ƙanana, wasu ko gemu babu, an yi musu aski ƙwal an basu kaki da ya fi ƙarfinsu, kowa so yake ya ɗauki hoto ya aika ƙauye kafin a tura shi bakin daga. Ina ƙarami lokacin amma na isa ɗaukar tire, dare ake rabawa ana bugawa, tsakar gidanmu duk baho ne da kwanon sha cike da fuskokin sojoji, 'yan garuwa na shiga suna fita. Wata rana Inna ta kasa haƙuri tace Malam ruwan nan fa ya fi cefanen gidan nan kuɗi, ka rage mana ko kaɗan ne, ai ba wanda zai sani. Yace ke dai yi haƙuri, yaran nan ba duka ne zasu dawo ba, wata uwar wannan takardar ce kaɗai zata rage mata, in ta koɗe a hannunta me zan ce wa Allah. Inna bata sake magana ba, ita ce ma ta karɓi sauyin ruwan na dare daga ranar dan ya samu ya ɗan runtsa. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, kuma akwai hotunan da aka biya kuɗinsu rabi ba wanda ya dawo karɓa, Baba ya zuba su a gwangwanin biskit ya hana a zubar.

In an gama ɗauraya sai a manna hoton a jikin gilashi da aka goge tas, a murje ruwan da roba, a jingine a inuwa, in ya bushe da kansa yake ɓallowa ya faɗo yana ƙyalli, sai a yanke gefensa da abin yanka mai haƙora, a buga hatimin shago a baya. Masu kuɗi kan ce a yi musu mai ruwan ƙasa, wannan sai an fara koɗar da hoton da wani jan gishiri sannan a tsoma a wani magani wai shi salfaid, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika gida har maƙwabta su san yau ana aikin manya, a waje ake yinsa dan ko takardun da ke ajiye a ɗaki warin na lalatawa.

Abin da sana'ar tayi masa kuwa, hannunsa ne ya fara nunawa. Ba safar hannu, ba maɗauki, da yatsu ake kama komai daga wannan tire zuwa wancan shekara da shekaru, faratansa duk sun rine sun koma ruwan ƙasa ba sabulun da ke fitarwa, sannan metol ya kama masa fata, tsakanin yatsu ya dinga tsagewa yana ƙaiƙayi yana ruwa, da hunturu har jini, Inna ta shafa masa man kaɗanya da daddare ta naɗe da tsumma, gari na wayewa ya kwance ya koma cikin ruwan. A asibiti an ce masa maganin kawai ya daina taɓawa, yace to a ci me. Ga ɗaki a toshe ba iska, tururin asid da haifo yana shaƙa tun yana saurayi, tari ya zauna masa a ƙirji har ƙarshen rayuwarsa. Mu yara kam ya tsare mu, kwalaben a akwati mai kwaɗo suke, tiren wanki ba ya haɗuwa da kwanukan kicin, ruwan da aka gama dashi rami aka haƙa masa a bayan gida dan kar kaji da awaki su sha, amma kansa bai tsare ba, kuma har yau abin na ci mini rai in na tuna maɗaukin roba na sule kaɗan da zai iya ceton hannun nan.

Daga baya mai kala ya shigo. Tsarin wankin kala na C-41 da Kodak ta fito dashi a 1972 kusan digiri 38 yake so kuma ba ya yafe kuskure ko kaɗan, aikin inji ne, ba na randa da baho ba, dan haka da ɗakunan wankin kala suka bazu a manyan garuruwa sai mai hoto ya koma ɗan aike, ya ɗauka ya kai a wanke masa ya dawo ya raba. Baba yayi ta yi dan dole amma ransa ba ya ciki, baƙi da fari ya rage sai hoton fasfo da na katin makaranta. Wajen 1980 da azurfa tayi tsada a duniya har ta kusa dala 50 kowane oza, sai ga mutane suna bi shago-shago suna sayen tsohon haifo da tsofaffin nagatif dan su cire azurfar, masu hoto da yawa suka kwashe aikin shekara 20 ko 30 suka sayar a kan kilo. Baba ya sayar musu da ruwan haifo, nagatif kuwa yace fuskokin mutane ne ba nashi bane balle ya sayar a ƙona.

Yanzu ku duba a gidajenku, hoton kala na shekarun 1980 yawanci ya koma ja-ja fuska ta wanke, amma baƙi da fari na 1960 in an ɗauraye shi da gaskiya yana nan daram. A Bamako su Seydou Keïta da Malick Sidibé irin wannan aikin suka yi, irin wannan ɗaki irin wannan zafi, da yake an adana nagatif ɗinsu yau duniya na kallon hotunan a manyan gidajen tarihi, Sidibé har kyautar Zakin Zinari aka bashi a Venice a 2007. Mu namu na Zariya da Kano da Gusau da Jos da Damagaram suna cikin kwalaye a ɗakunan ajiya gara na ci, 'ya'ya basu san darajarsu ba, ranar da za'a gyara gida a zuba a bola.

Namu suna wurina. Da na buɗe akwatunan bayan rasuwarsa wasu sun fara warin khal, wannan alama ce robar fim ɗin ta fara ruɓewa kuma tana harbin na kusa da ita, sai na ware masu warin daban, sauran na cire su daga leda na sa kowanne a ambulan takarda, na ɗora a saman kabad a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa. Dan Allah duk mai irin wannan a gida yayi haka, kar a wanke da ruwa, kar a goge da tsumma, a kama ta gefe kawai. Jikana ne ke taimaka mini yanzu, mu ɗora nagatif a kan farin haske ya ɗauka da waya ya juya shi ya zama hoto, muna yi kaɗan-kaɗan duk ƙarshen mako. Mun fara da na sojojin Defo, dan Baba ya rubuta sunan gari da fensir a bayan wasu daga cikin na gwangwanin biskit, kuma niyyata in mun gama in bi ta hannun masu unguwanni da dagatai na garuruwan ko Allah zai sa a samu danginsu a miƙa musu.